Kurakuran da sababbin matuƙa jirgi ke yi da agogon bangon duniya, na gaji da ganinsu

Kusan duk ɗalibin da ya zauna a kujerar hagu kusa da ni sai ya maimaita abu ɗaya, har ta kai ina gane kuskuren da zai yi tun hannunsa bai motsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Maganar agogon nan nake da ke tsakiyar sahun sama a gaban matuƙi, mai shuɗi a sama da ruwan ƙasa a ƙasa da ɗan ƙaramin jirgi a tsakiya, wanda ake kira atitud indiketa. Ni dai agogon bangon duniya nake ce masa don aikinsa kenan, ya nuna maka layin da sama ta haɗu da ƙasa lokacin da idonka ba ya ganin layin. Abu biyu kacal yake faɗa maka, hancin jirgi sama yake ko ƙasa, sai kuma fuka-fukai sun karkata ko suna daidai.

A cikin irin na da akwai jairo, wani ƙarfe ne mai ɗan nauyi da ke juyi kamar katantanwa da mugun gudu, an rataye shi cikin zobba masu motsi, toh abin da ke juyi da irin wannan gudun ba ya yarda a sauya masa tsayuwa, don haka shi yana nan tsaye cak, kai da jirgin da akwatin agogon ne kuke jujjuyawa kewaye da shi. Da irin wannan na kamfanin Sperry wani matuƙi mai suna Jimmy Doolittle ya tashi ya kewaya ya sauka ba tare da ganin waje ba ranar 24 ga Satumba 1929 a Amurka. Daga nan kuskuren farko yake fitowa, ɗalibi ya ga layin ya karkata sai ya kama sitiyari yana ƙoƙarin miƙar da layin, ya murɗa ta inda bai kamata ba, karkatar ta ƙaru. Layin ba naka ba ne, duniya ce, ba a tuƙa ta. Ɗan ƙaramin jirgin shi ne kai. Ni abin da nake sa su yi, su duba wane fiffike ne ya nutse cikin ruwan ƙasa su ɗago shi, shikenan. Kuma kar a raina wannan, agogunan tsohuwar Tarayyar Sobiyat ɗan jirgin ne ke karkata layin na tsaye, akasin na Yamma, kuma masu bincike sun ambaci wannan ruɗanin cikin abubuwan da suka haddasa faɗuwar Boeing 737 a Perm ta Rasha a Satumba 2008, mutum 88 suka mutu.

Yanzu ga babba, yarda da jiki. Cikin kunnenka akwai ƴan kwaroro uku masu ruwa da ke gaya maka ka juya ko ba ka juya ba, a ƙasa suna aiki lafiya lau don ido na taimaka musu, amma a cikin gajimare ƙarya suke shararawa. In jirgi ya karkata a hankali, ƙasa da wajen digiri 2 a daƙiƙa, ba za su ji ba sam, in kuma ka daɗe cikin kwana ruwan ya lafa sai su ce maka ai a miƙe kake, kana daidaita fuka-fukai kuma sai ka ji kamar ka karkata ɗaya gefen, jikinka duk yana ce maka koma inda ka fito. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da agoguna, aka hana su ganin waje, a matsakaici daƙiƙa 178 suka yi jirgin ya ƙwace musu. Ko minti uku bai cika ba fa. Abin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, kenan da matarsa da yayarta daren 16 ga Yuli 1999 a saman teku, duhu da hazo babu layin da ido zai kama. Jirgin Kenya Airways da ya tashi daga Duwala daren 5 ga Mayu 2007 shi ma a hankali ya riƙa karkata dama ba a lura ba har ya faɗi, mutum 114 suka mutu. Maganina, kuma na san wasu malamai na ganin surutu ne, shi ne in faɗi abin da agogo ke nunawa da baki, fuka-fukai daidai, hanci digiri 2 sama, in ta maimaitawa har jin karkatar ya sake ni, kai a tsaye ba waige-waige, sitiyari kuma da yatsu uku kawai, don hannun da ya damƙe shi da ƙarfi jiki yake bi.

Amma wanda ya fi ƙona min rai, wanda ya kusa kai ni lahira, shi ne kishiyar wannan. An ce maka yarda da agogo sai ka ɗauka agogo ɗaya ake nufi, ka kafa masa ido kamar babu sauran. Ni ma haka na yi. Ina cikin gajimare a ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, ƙafa 6,000, komai tsit, ashe famfon da ke zuƙo iskar da ke juya jairo ya mutu ban sani ba. Kuma abin da ba a cika nanata wa ɗalibai ba, jairo ba ya mutuwa farat ɗaya, rage gudu yake a hankali cikin mintuna, yana langaɓewa kaɗan-kaɗan, da yawa cikin tsofaffin ko ɗan jan tutar gargaɗi babu. Ya nuna min na karkata dama kaɗan, na gyara zuwa hagu. Ya sake nunawa, na sake gyarawa, ina jin daɗi wai na riƙe layi tsaf. Abin da ya fara farkar da ni ƙarar iska ce a jikin gilashi, ta sauya, ta yi kaifi. Na kai ido kan altimita, agogon da ke nuna nisanka a sama, na ga allura na warwarewa baya, mitar gudu ta shiga rawaya wato gudu ya yi yawa, mitar kwana, mai nuna ko jirgi na juyawa, da ke aiki da lantarki ta kwanta hagu, shi kuwa agogon da na ba amana yana nuna fuka-fukai daidai. Can gefe ga ƴar mitar zuƙar iska, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin 4.5 da 5.5, tana kwance a sifili, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Na rage totur, na daidaita da mitar kwana, na ja hanci, kuma na ja da ƙarfin da ya wuce kima don tsoro. Sama da ƙafa 1,500 na zubar. An ajiye jirgin sai da injiniyoyi suka duba ko fuka-fukai sun wahala, ni kuma na yi watanni in na hango gajimare a gabana tafin hannuna sai ya jiƙe da gumi.

Toh don Allah ku gaya min, me ya sa har yau in na rufe wa ɗalibi agogon nan sai ya yi zuru kamar an kashe masa inji? Agoguna shida ne a gabanka! Wallahi raina yana ɓaci in na ga mutum ya yi awa arba'in a sama bai taɓa duban mitar zuƙar iska ba bayan ya tashi, in ka tambaye shi wanne ke aiki da iska wanne da lantarki sai ya hau kame-kame. A yawancin ƙananan jirage na da, agogon bangon duniya da na alƙibla famfo ɗaya suke sha, tare suke mutuwa, shi ya sa aka sa mitar kwana a lantarki don ta tsira. In ba ka san wannan a jirgin da kake tuƙawa ba, ba ka shirya shiga gajimare ba, ko wa ya sa maka hannu a takarda. Kuma kar wani ya ce ai matsalar ƙananan jirage ce. Air India, Boeing 747, daren 1 ga Janairu 1978 bayan tashi daga Bombay, agogon kyaftin ya lalace ya bi shi, mutum 213 suka faɗa teku. Jirgin kaya na Korean Air a Stansted ta Ingila, 22 ga Disamba 1999, agogon kyaftin ya ƙi nuna karkata, na mataimaki lafiyarsa ƙalau, na ko-ta-kwana ma haka, ƙararrawar da ke cewa agogunan sun saɓa tana ta kuka, injiniyan jirgi na kiran karkata, jirgin ya ci gaba da kwantawa hagu har ya daki ƙasa ko minti ɗaya bai yi a sama ba. Gwamnan jihar Missouri ta Amurka Mel Carnahan ma a Oktoba 2000 hatsarin da ya kashe shi akwai lalacewar wannan agogon a ciki.

Ɗabi'ar da na ɗauka tun ranar, duk abin da agogon ya ce sai na nemi shaidu biyu. Ya ce na karkata, mitar kwana da kamfas su yarda. Ya ce hanci ƙasa, altimita da mitar gudu su yarda. In biyu sun ƙaryata shi, shi ne maƙaryacin. Sannan kullum akwai ƴar takarda mai manne a aljihuna, da na tabbatar ya mutu nake liƙe fuskarsa, saboda ko ka san ya mutu idonka zai riƙa komawa can hannunka na binsa. Wasu sun ce rufewa ba dole ba ce, ni dole ce a wurina. Ka kuma gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage nan take ka nemi a fitar da kai inda sararin ke a buɗe, ba abin kunya ba ne.

Sauran ƙanana ne amma su ma ina ganinsu kullum. Kunna inji ka ruga titin tashi, alhali jairon iska na iya ɗaukar har minti 5 kafin ya tsaya daidai. Rashin duba shi lokacin da kake gangarawa a ƙasa, in kana kwana ya nuna karkatar da ta wuce digiri 5 akwai matsala, ka koma. Murɗa maɓallin ɗaga ɗan jirgin ana tsakiyar hawa ko sauka, bari sai kana tafiya a miƙe altimita ta tsaya cak. Ɗaukar hanci sama a matsayin hawa, jirgi na iya ɗaga hanci yana zubewa in gudu ya ƙare, altimita ce ke faɗin hawa. In ka ƙara gudu da ƙarfi irin na da yakan nuna hanci ya ɗan ɗaga fiye da gaskiya, kunnenka ma haka zai ce, sai ka tura hanci ƙasa daf da ƙasa, don haka in ka tashi da dare ka riƙe hancin hawa ka tabbatar altimita na ƙaruwa.

Akwai ɗaya da ba zan bari a layi ɗaya ba. Ka tsinci kanka hanci ƙasa a karkace gudu na hauhawa, hannu zai so ya ja sitiyari, kar ka ja. Ja a karkace matse kwanar yake ƙara yi, jirgin ya ƙara nutsewa nauyi ya ninku a kan fuka-fukai. Rage totur, daidaita fuka-fukai, sannan ka ɗago hanci a hankali, a jere haka.

Masu jiragen zamani da allon gilashi irin Garmin G1000 kuma na ji kuna cewa ku babu jairon da zai langaɓe. Gaskiya ne ƴan na'urorin lantarki ne ke auna motsin, kuma galibi in sun lalace jan gicciye ke fitowa a allo, wannan ya fi na da nesa ba kusa ba. Amma ranar da allon ya ɗauke, ɗan ƙaramin agogon ko-ta-kwana ne zai rage maka, yana can ƙasa ko gefe inda wuyanka bai saba juyawa ba. Ni duk ɗalibina sai ya yi minti goma yana tuƙi da shi kaɗai, da kwana da hawa da sauka, kafin in yarda mu juya gida.