Eriyar sikana a mota: kurakuran da na gaji da gani a Damagaram

Kusan duk wanda ya kawo mini sikana, wato na'urar sauraren zangunan rediyo irin na jiragen sama, yana ƙorafin "ba ta kamawa", sai in duba in tarar na'urar lafiyarta ƙalau. Ciwon yana can kan rufin mota, ko a wayar da ta sauko daga rufin. Mutum zai yi odar sikana ƙirar Uniden ko Icom daga Kano, ko ɗan uwa ya aiko masa daga Faransa, ko ya sayi ɗan RTL-SDR ɗin nan, ƙaramar na'urar kama rediyo da ake maƙala wa wayar salula, sannan ya ɗora masa duk sandar da ta zo hannunsa. In ya kunna bai ji komai ba sai "shuuu", ya ce an cuce shi. Na maimaita bayanin nan har bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya zo gobe in tura masa ya karanta.

Babban abin da ke cinye kuɗin mutane shi ne lambar zangon rediyo (MHz) da ke jikin kwalin eriya. Za ka ga an rubuta "25–1300 MHz" da manyan haruffa, sai zuciyarka ta ce maka an gama, sanda ɗaya ta ɗauke komai tun daga rediyon manyan motoci har jiragen sama. Wannan rubutu bai da bambanci da kirarin mai maganin tasha da ke cewa kwalba ɗaya tana warkar da basir da shawara da ciwon baya da mayu. Eriya tana jin zangon da tsawonta ya dace da shi ne, sauran kuma tana ɗan tsinta sama-sama. Ma'anar lambar kawai ita ce wani abu zai shigo, ba wai zai shigo da kyau ba.

Ni ma irinta ta ci mini kuɗin da na daɗe ina tarawa. Doguwa ce baƙa, da ƙulli biyu a tsakiya, in ka gan ta kan mota sai ka ɗauka ta wata ƙungiyar agaji ce. Abin da nake so in ji shi ne jiragen da ke ratsa samaniyarmu, waɗanda ke magana tsakanin 118 da 137 MHz. Ita kuwa an gyara ta ne don kasuwar Amurka, inda ake daidaita irin waɗannan eriyoyi a wajen 150 da 450 da 800 MHz, saboda a can ne ƴan kwana-kwana da ma'aikatan agajinsu suke. To mu me za mu yi da 800? A nan abin da ke wajen 900 wayar salula ce, kuma ba sikanar da za ta jiyar da kai ita. Wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗina ya tafi a zangon da babu kowa, sauran biyun kuma ba nan nake saurare ba. Ranar da raina ya gama ɓaci na je wurin wani mai walda, na karɓi guntun siririn ƙarfe miƙaƙƙe, na auna santimita 57 na yanke, na ɗaura a kan gindin tsohuwar. Na fita bayan gari ta hanyar Miriya na tsaya. Muryar matuƙin da a da take zuwa tana yankewa sai ga ta tas, har ana jin ƙarar da ke bayansa. Ƙarfen da ko kuɗinsa mai waldar bai karɓa ba.

Lissafin ba shi da wuya, ku riƙe shi. Raba 7100 da lambar MHz ɗin da kake so, abin da ya fito shi ne tsawon sandar a santimita. Jiragen sama, in ka ɗauki 125, santimita 57 ke nan. Masu rediyon sha'awa da ke tsakanin 144 da 146 a yankinmu na Afirka, santimita 49. Wajen 440, inda ƙananan rediyon hannu suke, santimita 16 kacal. Zangon 27 MHz kuwa yana neman sama da mita biyu da rabi, don haka duk wanda ya ce maka sanda mai tsawon kamu biyu tana kama 27 da kyau, ka yi masa murmushi kawai. Akwai kuma wata garaɓasa: sandar da aka yanka don 145 tana aiki a 435, domin ninki uku ne. Shi ya sa eriya mai zango biyu ta gaskiya ba ta da wani siddabaru a ciki. Ni dai al'adata sanduna biyu nake ajiyewa a bayan kujera, in kwance wannan in ɗaura waccan gwargwadon abin da nake son ji. Wasu za su ce wahala ce, su sayi mai zango uku. Ba laifi, amma su karanta takardarta su ga a ina aka daidaita ta kafin su miƙa kuɗi.

Sai masu bin lambar ƙarfi, wadda ake rubutawa da dB. "Malam, wannan tara ce, taka nawa ce?" Eriya ba ta ƙirƙiro ƙarfi daga ko'ina. Mai babbar lamba tana matse jinta ne zuwa gefe-gefe, ta rage na sama. In motocin da ke nesa a fili kake bi, ta yi. In jirgi ne a samanka, ka sayi abin da zai toshe maka kunne da kuɗinka. Kuma ku lura da ƙaramin harafin ƙarshe: dBi ya fi dBd da 2.15 a kan eriya guda, shi ya sa masu talla suka fi son rubuta dBi.

Wani kuskure da ke tayar mini da hankali shi ne wurin ɗaurawa. Haba jama'a! Ka sayi eriya mai tsada ka ɗaure ta a bamba, jikin mota ya tare mata rabin duniya? Wani ya maƙala a ƙarfen madubi, wani ya ɗaure da roba a kariyar kaya tsakanin jarkoki, wani ma a cikin mota ya jingine ta saboda kada rana ta ci fentinta. Sandar da kuke gani rabin eriya ce. Ɗaya rabin shi ne farantin ƙarfen da ke ƙarƙashinta, wato rufin motar, kuma ana so ƙarfen ya bazu ta kowane gefe aƙalla kwatankwacin tsawon sandar. Tsakiyar rufi shi ne wurinta. In ka kai ta kusurwa, za ta fi ji ta wajen da ƙarfe ya fi yawa, sai ka ga tasha tana zuwa in ka fuskanci hanyar Tanut, ta ɓace in ka juya ta Magarya, kai kuma kana zagin na'ura.

Mai gindin mayen ƙarfe ita kowa ke so domin ba a huda mota. Na yarda tana aiki, amma a ƙasarmu tana da sharri. Yashi yana shiga ƙarƙashinta, mayen yana tara ƙananan ɓarɓashin ƙarfe, mota tana girgiza, su kuma suna niƙa fenti a hankali. Ranar da ka ɗaga za ka ga zobe fari ƙwal a kan rufi, damina ta zo tsatsa ta kama. Tawa ma ba a nan ta tsaya ba. A hanyar Takeita wata babbar mota ta wuce ni da gudu, iskarta ta tumɓuke eriyar, waya ta riƙe ta, gindin ya dawo ya daki gilashin baya. Kuɗin gilashi ya ninka na eriyar. Tun daga nan nake huda rufi in sa gindin NMO, rami ne na milimita 19 da zoben roba mai hana ruwa. Na san amsarku: "in na tashi sayarwa fa?" Ana toshe shi da murfi, kuma bai kai zoben tsatsa muni ba. Wanda ya ƙi hudawa, to ya sayi mai faffaɗan gindi, ya riƙa ɗagawa yana goge ƙasanta da rufin kafin kowace tafiya, kuma kada ya ɗora mata doguwar sanda. In rufinka ba ƙarfen da maye ke kamawa ba ne, wannan magana ma ba ta taso ba.

Wayar kuma kada a matse ta a bakin ƙofa. Kullum ka rufe ƙofa kana murƙushe ta, wata rana ta tsage, ruwan wanki ya shiga ya bi cikinta, zaren ya yi baƙi. Daga waje lafiya lau, ciki ta mutu. Bi da ita ta inda robar ƙofa ta fi laushi, ka bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje.

Yanzu ƙannena masu busta, wato amfilifaya mai ƙara ƙarfin sigina, ku matso. Da an ji rauni sai a ce a ƙara amfilifaya. A cikin garin nan, inda gidajen rediyon FM ke watsawa da ƙarfi tsakanin 87.5 da 108 MHz, daf da zangon jirage, busta ba abin da za ta yi sai cika wa sikana ciki. Alamar ita ce ka ji waƙa ko sanarwar ɗaurin aure a lambar da ba gidan rediyo, ko kuma raunanan tashoshi su ɓace gaba ɗaya da ka shigo unguwar Zango, su dawo da ka fita gari. Wannan ba ƙarancin sigina ba ne, yawansa ne. Maganinsa ɗan filta mai toshe zangon FM a tsakanin waya da na'ura, ko ka danna ATT, maɓallin rage ƙarfin sigina, in sikanarka tana da shi. Sau da yawa a cikin gari gajeriyar sanda ta fi doguwa daɗin saurare. Kuma busta ba ta huda dutse. Waɗannan zanguna a miƙe suke tafiya, kusan iyakar ganin ido. Eriyar da ke mita biyu daga ƙasa, sararinta bai wuce kilomita shida ba, sai dai in mai watsawar yana kan dogon ƙarfe. Jirgin da ke mita 10,000 a sama kuwa ana iya jin sa daga kilomita 400. Shi ya sa za ka ji matuƙi ba ka ji wanda ke ba shi amsa daga ƙasa ba, kuma eriyarka ba ta yi laifin komai ba. In ka faka a gindin manyan duwatsun Birni, matsa gaba kawai.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rai. Duba bakin na'urarka kafin ka saya, BNC ne ko SMA, kuma SMA ɗin mai allura ne ko mai rami, kada ka jera adafta uku suna lilo har su karya bakin. Siririyar wayar nan RG-174 tana shanye sigina a zangon sama, nemi RG-58, kuma ka yanke rarar maimakon ka naɗe ta ƙarƙashin kujera. Wayar dish mai 75 ohm, masana za su harare ni tunda sikana 50 take so, amma don saurare kawai ni ina amfani da ita kuma ban ga asara ba. Eriyar da ake mannawa a gilashi, in gilashin yana da baƙar leda mai ƙarfe a ciki, ka yi asarar kuɗinka. Kada ka kwantar da sanda baya don ta yi kyau, a tsaye ake watsa waɗannan siginoni. Jirage da AM suke magana, in ka bar na'ura a FM za ka ji murya a shaƙe. In ƙara tana tashi da ka taka totur, altaneta ne ko buji. In kuma tana nan ko mota a kashe, zare cajar wayar nan ta araha da ka soka a wurin sigari ka ji. Masu rediyon hannu na Baofeng, kada ku danna magana da eriyar da aka yi don saurare kawai, kuma kada ku yi watsawa daf da eriyar sikana. Doguwar sanda a lungunan Birni, ka tuna da rassan dogon yaro da wayoyin wuta da suka sauko.

Akwai kuma wanda zai canza eriya sau da sau domin yana jin wani gurnani kamar injin niƙa a wata lamba. Wannan magana ce ta dijital, irin su DMR ko TETRA, wani lokaci ma a kulle take. Eriya ta riga ta yi aikinta tunda ta kawo gurnanin.

Game da hukuma kuwa, kada wanda ya ce ban faɗa ba. Harkar zangunan rediyo a Nijar tana hannun ARCEP, hukumar kula da sadarwa, can ake tambayar abin da aka yarda da shi kafin a sayi kaya, ba bayan an kama su ba. Da halin tsaron da ake ciki, mota mai sanduna a kai tana jawo tambaya a kowane shinge. Ni ba na neman zangon jami'an tsaro, ba na fakawa kusa da filin jirgi ko bariki da na'ura a kunne, kuma abin da na ji ba na yaɗa shi. In zan yi doguwar tafiya, Agadas ko Diffa, nakan kwance sandar in rufe gindin da murfinsa, rasiɗin sayen na'urar kuma yana tare da takardun mota.