Yadda za ka fara koyon waƙar ofareta

Ofareta wasan dandamali ne da ake cakuɗa zance da waƙa da rawa, kuma ya fi opera (wasan da ake rera kusan duk zancensa da waƙa) raha. Jacques Offenbach ne ya ɗaga shi a Paris da Orphée aux enfers a 1858, sai Biyana, babban birnin Austriya, ta karɓa: Johann Strauss ƙarami ya fito da Die Fledermaus a 1874, Franz Lehár ya biyo da Die lustige Witwe a 1905. A wancan zamanin ba a amfani da makirufo a dandamali. Ga 'yan kiɗa birjik a gaban mawaƙi, kuma dole wanda ke kujerar ƙarshe ya ji kowace kalma. Da wannan za ka auna duk atisayenka.

Fara da numfashi. Kwanta rigingine, ɗora littafi a cikinka, ka ja iska ta hanci. Littafin ne zai tashi, kafaɗu su tsaya cik. In ka saba, miƙe tsaye, dafa haƙarƙarinka, ka riƙa sakin iskar a hankali da "sss" ba tare da ƙirji ya faɗa ba. Minti goma kullum ya wadatar.

Inda na fi so ka daɗe shi ne wurin shiga waƙa daga zance, don nan ne ake gane gwani. A ofareta za ka yi magana, kiɗa ya taso a ƙarƙashin maganarka, sai ka zarce da rerawa. Masu koyo da yawa suna magana da murya ɗaya, waƙa na zuwa su kumbura wuya su sauya wata, kamar an canza mutum. Raina yana ɓaci in na ji haka, domin labarin ne ke mutuwa. Ga abin da nake sa ɗalibi ya yi: ya karanta baitin da ƙarfi yadda zai faɗa wa wani a ƙarshen ɗaki. Ya sake, yana jan wasulan. Ya sake a kan sauti ɗaya tak. Sai a karo na huɗu zai ɗora karin waƙar. Muƙamuƙi a sake, harshe kwance bayan haƙoran ƙasa, baƙaƙe kuma su fito tsaf a bakin leɓe.

Bahaushe yana da sa'a a nan, wasulanmu tsarkakakku ne, ba ma lanƙwasa su. Jamusanci, harshen ofaretar Biyana, shi ne zai ɗan wahalar da kai da "ü": ka ce "i", ka tsuke leɓe kamar za ka ce "u", kada harshen ya motsa.

Sai kiɗan wals, mai bugu uku. Mutanen Biyana suna ɗan gaggauta bugu na biyu, na uku ya ɗan jinkirta. Ba a koyon wannan a takarda. Saurari rikodin mawaƙi Richard Tauber, wanda Lehár ya rubuta wa waƙoƙi, kana takawa a tsakar ɗaki har ƙafarka ta kama.

In maƙogwaro ya fara kaikayi ko murya ta dushe, dakata, ka sha ruwa, ka bar shi sai gobe. Nemi malami ko da ta intanet ne, don kunnenka ba ya jin abin da mutane ke ji daga gare ka. Mace mai siririyar murya ta fara da waƙar Vilja ta cikin Die lustige Witwe, mai tafiya sannu a hankali. Waƙar dariya ta Adele a Die Fledermaus tana hawa sama ƙwarai, a bar ta tukuna sai numfashi ya zauna.