Yadda Za Ku Sa Majalisa Ta Tambayi Minista Kan Aikin Ma'aikatarsa

A Najeriya jama'a ba sa zaɓen minista. Shugaban ƙasa ne ke zaɓo shi, Majalisar Dattawa ta tantance shi, sannan ya kama aiki, kuma wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke da ikon sauke shi. Saboda haka, idan wata ma'aikatar tarayya ta bar aikin hanya ko na madatsar ruwa a yankinku ya lalace bayan an ware masa kuɗi, waɗanda doka ta ba ikon zaunar da ministan su tambaye shi su ne mutanen da kuka kaɗa wa ƙuri'a, wato sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360. Wannan bayani na ƙungiyoyin ci gaban gari ne, da na manoma, da na 'yan kasuwa, da duk wanda ke son ya yi amfani da wakilinsa ta hanyar da za ta haifar da sakamako.

Kafin komai, ku tabbatar cewa matsalar ta gwamnatin tarayya ce. Makarantun firamare, da ƙananan asibitocin karkara, da mafi yawan hanyoyin cikin gari suna hannun jiha ko ƙaramar hukuma, kuma wanda zai amsa tambaya a kansu kwamishina ne a gaban majalisar dokokin jiha, wadda sashe na 128 da na 129 na kundin tsarin mulki suka ba ikon bincike irin na Majalisar Tarayya. Koken da aka kai inda ba wurinsa ba yakan mutu a cikin fayil.

Abu na biyu shi ne ku san iyakar ƙarfin majalisa, domin yawan baƙin cikin da mutane ke yi da ita ya samo asali ne daga tsammanin abin da ba ta da ikon yi. A Jamhuriya ta Farko, lokacin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ministoci 'yan majalisa ne, suna zama a zaure ɗaya da masu tambayarsu, kuma gwamnati na iya faɗuwa idan ta rasa rinjaye. A maƙwabciyarmu Nijar ma an ga irin wannan ƙarfi a ranar 31 ga Mayun 2007, lokacin da majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Firayim Minista Hama Amadou ta hanyar ƙuri'ar yanke ƙauna, bayan taƙaddama kan kuɗaɗen ilimin firamare. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da Najeriya ta ɗauka a 1979, ta kuma ci gaba da shi a kundin 1999, ya raba ɓangaren zartarwa da majalisa. Sashe na 147 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa minista ya bar kujerarsa ke nan da zarar ya yi rantsuwar kama aiki, kuma babu sashen da ya ba majalisa ikon tsige minista. Idan ta zartar da ƙudurin cewa a kori wani minista, shawara ce ta bai wa shugaban ƙasa, yana iya ɗauka, yana iya bari.

Abin da majalisa ke da shi a hannu yana da nauyi duk da haka. Sashe na 67 ya wajabta wa minista halartar kowanne daga zaurukan biyu idan an gayyace shi ya yi bayanin yadda ma'aikatarsa ke tafiyar da aiki. Sashe na 88 ya ba kowane zaure ikon binciken duk ma'aikata ko hukumar da ke aiwatar da dokar da majalisa ta yi ko take kashe kuɗin da majalisa ta ware, da nufin gyara doka ko tona cin hanci, da rashin iya aiki, da almubazzaranci. Sashe na 89 ya ƙara da ikon aika wa kowane mutum a Najeriya sammaci, da neman takardu, da karɓar shaida bisa rantsuwa, da bayar da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Ku riƙe lambobin waɗannan sassa, ku kuma ambace su a takardunku, domin ofishin ɗan majalisa yakan ɗauki takardar da ta nuna masu ita sun san doka da muhimmanci fiye da wadda take roƙo kawai.

A ganina, aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda za ku yi tun kafin ku je wurin wakilinku, wato tattara hujja. Minista ba ya zuwa majalisa shi kaɗai. Yakan zo da babban sakatare, da daraktoci, da shugabannin hukumomin da ke ƙarƙashinsa, kowanne ɗauke da fayil, kuma tambayar da aka yi a dunƙule, kamar a ce me ya sa aikin hanyarmu ya tsaya, amsarta a shirye take tun daga ofis: ƙarancin kuɗi, da damina, da matsalar tsaro, da tashin farashin kayan aiki. Tambayar da ke tsayar da minista ita ce wadda ta zo da lamba da kwanan wata. Ku nemi dokar kasafin kuɗin shekarar da abin ya shafa, wadda Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya ke wallafawa a shafinsa na intanet, ku samo sunan aikin, da lambarsa, da adadin da aka ware masa, da hukumar da aka ɗora wa shi. Wani lokaci za ku tarar an saka aikin a ƙarƙashin hukumar da ba ta da alaƙa da shi, kuma wannan kansa abin tambaya ne. Bayan haka ku rubuta wa ma'aikatar a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ku nemi sunan ɗan kwangila, da ranar da aka bayar da kwangilar, da jimillar kuɗinta, da abin da aka biya zuwa yanzu, da wa'adin kammalawa. Dokar ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa, kuma tana iya ƙara wasu kwanaki 7 idan takardun na da yawa. Ku tabbatar an buga wa kwafin wasiƙarku hatimin karɓa. Idan an amsa, kun samu alƙaluman da za a gwada da abin da ke ƙasa, idan kuma an yi shiru, shirun ya zama hujja ta biyu da za ku gabatar. Ku haɗa da hotunan wurin aikin masu ɗauke da kwanan wata, da sa hannun mutanen da abin ya shafa.

Daga nan sai ku zaɓi ƙofar da za ku bi. Takardar koke tana shiga zaure ne ta hannun ɗan majalisa, wanda zai gabatar da ita, sannan a miƙa ta ga kwamitin koke-koken jama'a, shi kuma ya gayyaci masu ƙorafi da ma'aikatar da ake ƙorafi a kanta. A rubuta ta da lafazi na mutunci, a sa mata hannu, a kuma fayyace abin da ake nema a ƙarshenta. Majalisa ba ta sauraron batun da ke gaban kotu, don haka ku yanke shawara tun da wuri kan wacce hanya za ku fara bi. Ƙofa ta biyu ita ce ƙuduri, inda wakilinku zai tashi a zaure ya nemi a umarci kwamitin da ke sa ido kan ma'aikatar ya gayyaci minista ya kuma kawo rahoto. A nan ku dage a saka wa'adi a cikin ƙudurin, misali makonni 4, domin binciken da ba shi da ranar dawowa yakan shiririce. Akwai kuma tambayoyi a rubuce daga kwamiti. A ƙarshen 2013 kwamitin kuɗi na Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Abdulmumin Jibrin, ya miƙa wa Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala tambayoyi 50 kan tattalin arziki, ta kuma amsa su a rubuce a farkon 2014. Ko da yake an yi ta cece-kuce kan yadda zaman ya gudana, amsar da aka rubuta takan zauna, ana iya komawa gare ta bayan shekara a auna ta da abin da aka aikata.

Lokacin da minista ya fi sauraron majalisa shi ne lokacin kare kasafin kuɗi. Sashe na 80 ya hana fitar da kuɗi daga asusun gwamnati sai da amincewar majalisa, kuma duk shekara, bayan shugaban ƙasa ya gabatar da kasafi, kowane minista yakan bayyana gaban kwamitinsa ya yi bayanin abin da ya kashe a bara da abin da yake nema a bana. Idan kuka kai wa 'yan wannan kwamiti takardunku makonni kaɗan kafin zaman, ko da wakilinku ba ya cikinsa, kun sa tambayarku a ranar da ministan ke da buƙata a hannun masu tambayarsa. Ku nemi akawun kwamitin, domin shi ne ke riƙe da jadawalin zama da takardu. Ku kuma duba rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, wanda sashe na 85 ya ce a miƙa wa majalisa domin kwamitin kula da asusun gwamnati ya duba shi. A al'ada ɗan jam'iyyar adawa ne ke shugabantar wannan kwamiti, abin da ya sa tambayoyinsa sukan fi kaifi, sai dai rahoton yakan fito a makare.

Idan ranar zama ta zo, ku aika wakilai biyu ko uku da suka san fayil ɗin sosai, ku sanar da 'yan jarida, ku kuma rubuta duk alƙawarin da minista ya yi tare da ranar da ya ce zai cika shi. Idan ya aiko da darakta a madadinsa, kwamiti na da damar ƙin sauraronsa ya sa wata rana, kuma ya dace ku nemi a yi hakan idan tambayar ta shafi shawarar da minista ne ya yanke ta. Takardar kamu ba kasafai take aiki ba, domin 'yan sanda ne akasari ke aiwatar da ita, su kuma suna ƙarƙashin ɓangaren zartarwa. A 2018 Sufeto Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris ya ƙi amsa gayyatar Majalisar Dattawa har sau uku, kuma abin da majalisar ta iya yi shi ne ayyana shi a matsayin wanda bai cancanci riƙe muƙami ba, ya kuma ci gaba da zama a kujerarsa.

Matsin lambar majalisa yakan yi tasiri ne idan hujja ta fito fili kuma jama'a suka ƙi mantawa. A 2013 kwamitin sufurin jiragen sama na Majalisar Wakilai ya binciki sayen motoci biyu masu sulke kan naira miliyan 255 da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta yi a zamanin Minista Stella Oduah, majalisar ta shawarci Shugaba Goodluck Jonathan ya sake duba zamanta a muƙamin, kuma a Fabrairun 2014 ta bar majalisar ministoci. Haka nan abin da minista ya yi a gaban kwamiti yana iya biyo shi. A 2020 Festus Keyamo, yana ƙaramin ministan ƙwadago, ya yi sa-in-sa da kwamitin haɗin gwiwa na majalisa kan shirin ɗaukar mutum 774,000 aikin wucin gadi, kuma da ya dawo tantancewa a Agustan 2023 aka tayar da maganar, sai da ya nemi afuwa kafin a amince da shi. Wannan ya nuna cewa tantancewa ma dama ce, duk da al'adar nan ta cewa wasu su rusuna su wuce ba tare da tambaya ba, al'adar da ke zubar da ƙimar aikin. A wannan zagaye na 2023 Majalisar Dattawa ta amince da mutum 45 cikin 48 da aka aika mata, ta dakatar da sauran 3, ciki har da Nasir El-Rufai, bisa dalilin rahoton tsaro. Duk wanda ke da ƙorafi mai hujja a kan wanda aka zaɓo yana iya rubuta wa sanatansa kafin ranar tantancewa.

Dole ne kuma ku sa ido kan masu sa idon. A 2005 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sauke Ministan Ilimi Fabian Osuji bisa zargin bai wa wasu 'yan majalisa naira miliyan 55 domin kasafin ma'aikatarsa, kuma wannan zargi ne ya kai ga murabus ɗin Shugaban Majalisar Dattawa Adolphus Wabara. A Yulin 2020, yayin binciken hukumar raya yankin Neja Delta, Minista Godswill Akpabio ya faɗa wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa 'yan majalisa na cikin masu cin gajiyar kwangilolin hukumar, zargin da majalisar ta ƙalubalance shi ya kawo sunaye. Kwamitin da ke neman kwangila ko guraben aiki a ma'aikatar da yake bincika ba zai iya matsa wa ministanta ba. Saboda haka kada ku bar maganarku a hannun mutum ɗaya. Ku kai kwafin takardunku ga sanata da ɗan Majalisar Wakilai a lokaci guda, ku nemi a yi zaman a bainar jama'a, kuma idan aka ce za a koma zaman sirri ku tambayi dalili a rubuce.

Bayan zama, ku bi rahoton kwamitin har a gabatar da shi a zaure a kuma amince da shawarwarinsa, domin rahoton da bai je zaure ba bai zama matsayin majalisa ba. Idan shawarwarin sun haɗa da miƙa batun ga hukumar yaƙi da cin hanci, wato EFCC ko ICPC, ku rubuta wa hukumar da kanku tare da kwafin rahoton, tun da majalisa ba kotu ba ce kuma ba ta yanke hukuncin laifi. Idan wa'adin da minista ya ɗiba ya cika ba a ga aiki ba, ku koma wa kwamitin da kalamansa da ranar da ya faɗe su, ku nemi a sake gayyatarsa kafin a amince da kasafin ma'aikatarsa na shekara mai zuwa.