Yadda zaka lissafa ainihin kudin da dan wasan hoki na kankara ya samu

Mu da muka saba da kwallon kafa albashin sati muke ji, wane yana daukar fam dubu kaza duk sati. A gasar hoki ta kankara ta NHL, wadda kungiyoyi 32 na Amurka da Kanada ke bugawa, jimillar kwantiragi ake fada da yawan shekarunsa, shi yasa in kana son sanin nawa mutum ya tara tun fara wasansa sai ka zauna da biro da takarda. Kuma adadin da jaridu ke bugawa da manyan baki yana da nisa sosai da abinda ke shiga asusun dan wasan.

Bari mu dauki Sidney Crosby, kyaftin din Pittsburgh Penguins, dan Kanada, tunda bai taba canza kungiya ba tun da suka dauke shi a 2005, lissafinsa baya da rudani.

Da farko ka jera kwantiraginsa daya bayan daya, shafuka irinsu PuckPedia da Spotrac suna ajiye wannan kyauta. Na Crosby hudu ne. Na farko shekara 3 ne, irin wanda ake ba sabon shiga, albashin dala 850,000 a shekara sai karin ladan kokari in ya cika wasu sharudda. Na biyu ya fara 2008, shekara 5 kan dala miliyan 43.5. Na uku daga 2013, shekara 12 kan miliyan 104.4. Na hudu kuma daga 2025, shekara 2 kan miliyan 17.4. Hada ukun karshen zaka samu miliyan 165.3, ka dora na farkon a kai. Toh yanzu raba kowanne daga cikin ukun karshen da shekarunsa kaga abin mamaki, duk miliyan 8.7 a shekara suke bayarwa, domin an haife shi 7 ga watan 8 na 1987 kuma lamba 87 ce a rigarsa. Ni dai wannan abu yana burge ni wallahi, don da ya so da ya karbi fiye da haka nesa ba kusa ba, cikin sauran taurarin gasar Connor McDavid tun 2018 yake kan miliyan 12.5 a shekara, Leon Draisaitl ya sa hannu kan miliyan 14, amma shi ya tsaya a 8.7 ya bar wa kungiyarsa sarari ta dauko wasu 'yan wasan.

Maganar sarari ce ta kawo mu mataki na biyu, kuma nan mutane suka fi kuskure. NHL tana da iyakar abinda kowace kungiya zata kashe a albashi, an fara da dala miliyan 39 a 2005, ya kai miliyan 88 a kakar 2024-25. Wancan 8.7 din matsakaici ne kawai da ake sakawa a wannan lissafin, kudin da ake biya hannu da hannu kowace shekara daban ne. A kwantiragin shekara 12 din nan Crosby ya karbi miliyan 12 a kowace daga cikin shekaru ukun farko, shekaru ukun karshe kuwa miliyan 3 kacal. Saboda haka in kana son sanin abinda ya tara zuwa 2018 misali, kar ka ninka 8.7 da yawan shekaru, ka nemo layin albashin kowace kaka ka hada.

Daga nan sai a fara debewa.

Ka duba shekarun da ba'a buga wasa cikakke ba. A 2012-13 masu kungiyoyi da 'yan wasa sun samu sabani aka rufe fili wata da watanni, aka dawo aka buga wasa 48 maimakon 82, albashi ma gwargwadon haka aka biya, wato ka ninka albashin shekarar da 48 ka raba da 82. In kuma tsohon dan wasa kake lissafawa wanda yake nan a 2004-05, sifili zaka rubuta, kakar gaba daya aka soke. Kudin sa hannu ne kadai irin wannan rikici baya tabawa, shi yasa manyan 'yan wasa na yanzu irinsu Auston Matthews suke sa a zuba mafi yawan kudinsu a matsayin kudin sa hannu, albashin ainihi dan kadan.

Sai eskuro, wanda 'yan wasan suka fi tsana. Yarjejeniyar itace kudin shigar gasar a raba biyu, rabi na masu kungiyoyi rabi na 'yan wasa, toh tunda ba'a san nawa za'a samu ba sai karshen kaka, sai a rika rike wani kaso daga kowane albashi a ajiye gefe, in kudin shiga ya kasa masu kungiyoyi su cike gibinsu da shi, in ya rage a maido musu saura. Lokacin korona a 2020-21 kashi 20 cikin 100 aka rike, bayan wani kashi 10 da aka ce sai daga baya za'a biya su, kaga mai albashin miliyan 10 kusan miliyan 2 sun tafi tun kafin gwamnati ta zo. Zuwa 2023-24 ya sauko kashi 6. Kowace shekara da nata kason, dole ka bi su daya-daya, aiki ne mai cin rai amma idan ka tsallake shi lissafinka ya baci.

Haraji shine babban wanda ke cin rabonsa. Gwamnatin tarayyar Amurka tana daukar har kashi 37 daga masu manyan kudi, jihar Pennsylvania inda Crosby yake ta kara kashi 3.07, Florida da Texas da Nevada basa karbar harajin albashi na jiha sam, wanda ke wasa a Toronto kuwa abinda ake cira a saman kudinsa ya haura kashi 53. Kari akan haka jihohi da dama suna karbar nasu na kwanakin da bako yazo ya buga wasa a garinsu. Wakilinsa da ya kulla cinikin shima yana da kashi 3 zuwa 5. Kamar manomi ne da ya kirga buhu dari a gona, kafin ya biya taki da 'yan kwadago da motar dauka abinda zai shiga rumbu ya ragu sosai, a nan ma in ka gama debewa zaka ga wajen rabi ne ya rage wa manyan 'yan wasa.

Abinda zaka kara a sama shine kudin talla, Crosby yayi da Reebok da Gatorade da Tim Hortons, ka ware masa layi daban don baya cikin kwantiragin kungiya. Cin kofin Stanley, babban kofin gasar, kuma kar ka zata yana kawo wani kudin kirki, albashi a wasannin kaka na yau da kullum yake karewa, zagayen neman kofin Stanley wata 'yar tukunya ce ake raba wa kungiyoyin da suka kai, duk da Crosby ya daga kofin a 2009 da 2016 da 2017.

In dan wasan da kake lissafawa ba tauraro bane sai ka kara kula, kuma su ne suka fi yawa, su nafi tausayawa. Mafi karancin albashi a NHL dala 775,000 ne a 2024-25, amma da yawansu kwantiragi mai fuska biyu suke da shi, ranar da aka tura mutum karamar gasa ta AHL albashinsa ya fadi, matasa ma kasa da dala 100,000 a shekara, kuma da kwana ake kirgawa. Don haka ka nemo kwana nawa yayi a babbar kungiya, kwana nawa a karama, ka lissafa kowanne da farashinsa. Ka kuma duba ko kungiya ta sallame shi kafin wa'adi, in ya kai shekara 26 kashi biyu cikin uku na sauran kudin zaka rubuta masa, in bai kai ba kashi daya cikin uku.