Kurakuran da masu kawo labarin sunayen garuruwa masu ban mamaki suka fi yi

Na shafe shekaru ina haɗa wani ɗan shiri na Hausa a wani gidan rediyo a nan Kumasi, inda muke ɗauko sunan gari ko unguwa mu bi asalinsa. Yanzu samarin unguwannin Aboabo da Asawase sun shigo harkar da wayoyinsu, suna ɗora bidiyo a Facebook da TikTok kan garuruwa masu sunaye na ban dariya. Shigowarsu ta faranta mini rai, sai dai na gaji da ganin suna faɗawa ramukan da muka faɗa tun da daɗewa.

Babban kuskure shi ne mutum ya ji sunan da aka raɗa da wani harshe, ya saurare shi da kunnen harshensa, sannan ya ƙirƙira masa asali. Wannan ya taɓa raba ni da shirina na wata uku. Kowa ya san dattawanmu na zango ba sa cewa Akra, Ankara suke cewa. Wata rana na faɗa a iska, ba tare da na tambayi kowa ba, cewa fataken Hausawa ne suka raɗa wa birnin suna, wai saboda ba su ankara ba sai ga su a bakin teku. Labarin ya yi daɗi a baki, shi ya sa na amince da shi. Kafin a rufe shirin wani tsohon malamin makaranta ya bugo waya, ya ce: "Malam, ka ji tsoron Allah, yara suna sauraron ka." Ya bayyana cewa sunan ya fito ne daga Nkran, kalmar mutanen Akan mai nufin tururuwa, wadda bakin Turawa ya mayar Accra, bakin Bahaushe kuma ya mayar Ankara, alhali masu garin, wato ƙabilar Ga, suna kiran sa Ga. Babu abin da ya haɗa shi da kalmarmu ta ankara, kuma babu abin da ya haɗa shi da Ankara babban birnin Turkiyya, wanda tsohon sunansa Ankira. An dakatar da ni, kuma ko bayan na dawo sai da na yi fiye da shekara kafin masu sauraro su daina yi mini kallon mai shaci-faɗi.

Irin wannan kuskuren ne ya cika jerin sunayen da kuke kwafowa daga intanet. Ƙauyen Hell da ke kusa da Trondheim a Norwe yana ba mai jin Turanci dariya domin a wurinsa kalmar jahannama take nufi, amma asalinta tsohuwar kalmar ƙasar ce mai nufin kogon dutse. Birnin Batman na Turkiyya sunan kogin yankin ya ɗauka, babu ruwansa da jarumin fina-finan Amurka. Garin Boring na jihar Oregon, wanda a Turanci sunansa ke nufin abu mai gundura, sunan wani mazaunin wurin ne na farko, William Boring. Al'adata tun daga ranar da aka dakatar da ni ita ce ba na kawo suna sai na rubuta a littafina harshen da aka raɗa shi da shi da ma'anarsa a wannan harshen, kuma idan garin na Gana ne sai na ji daga bakin mutum biyu 'yan asalin wurin. Abin da ya zo ta hanyar tarihin baka kuwa, ina fara shi da "an ce". Ko labarin Kumasi, wato ƙarƙashin itacen kum da aka dasa a zamanin Sarkin Asante Osei Tutu da bokansa Okomfo Anokye ya rayu, wanda aka dasa a garin Kumawu kuma ya mutu, da "an ce" nake buɗe shi, duk da kowane yaron Asante ya haddace shi.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, domin mutunci yake taɓawa. Na taɓa gina raha a kan sunan Wa, babban birnin yankin arewa maso yamma na Gana: a tambayi matafiyi ina za shi, ya ce Wa, a sake tambayar sa wa, har na ja abin tsawon minti biyar. Akwai wani dattijo mutumin Wa da muke sahu ɗaya da shi a masallacin unguwa. Da asuba na miƙa masa hannu, ya karɓa, ya ce: "Ɗana, garin da ka mayar abin wasa, can aka binne mahaifina da malamaina." Wata shida bai sake zama hira da ni ba, kuma wani ɗan'uwansa ɗan kasuwa da ke ɗaukar nauyin shirin ya janye. Da na tambaya tun farko, da na san cewa a harshen mutanen yankin kalmar wa tana nufin zo, kuma garin tsohuwar cibiyar malamai ce mai fadar Wa Naa, sarkin garin. Ku samari, wa ya ba ku izinin yi wa garin mutane ƙyaƙyata don neman mabiya? Kuna kiran Tsohuwar Fadama ta Akra da laƙabin Saduma da Gwamrata, sunan garuruwan mutanen Annabi Luɗu, kuna dariya, alhali 'yan'uwanku 'yan arewa ne suke kwana a wurin, suna dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie. Wannan ba suna ba ne, zagi ne da aka liƙa musu. A Ostiriya akwai ƙauyen da baƙi suka addaba da ɗaukar hoto da satar allon sunansa saboda ya yi kama da wata batsa ta Turanci, har mazaunansa suka mayar da shi Fugging a farkon 2021. Ma'aunina yanzu shi ne, duk rahar da ba zan iya yi ba ɗan garin yana zaune a gabana, ba na yin ta a bayansa. Idan su da kansu suka buɗe ƙofa, kamar yadda mutanen Boring suka ƙulla zumunci da ƙauyen Dull na Sikotlan a 2012 saboda ma'anar sunayen biyu ta yi kama, to sai mu shiga mu yi dariya tare.

Sauran kurakuran ƙanana ne. Kada ku ce sunan wata tashar jirgin ƙasa ta yankin Wels na Birtaniya mai harafi 58, wadda ake taƙaitawa Llanfairpwll, shi ya fi kowane tsawo, domin wani tudu a Niyu Zilan yana da suna na harshen Maori mai harafi 85, cikakken sunan Bankok babban birnin Tailan kuma ya zarce su duka. Ku faɗi kuma cewa na Wels ɗin tsawaita shi aka yi a ƙarni na 19 don jawo baƙi. Sunan ƙauyen Å na Norwe ana furta shi kusan kamar "o", ma'anarsa ƙorama, ƙauyen Y na Faransa kuma "i" ake cewa, don haka ku koyi furucin kafin ku kunna kyamara. Ostiriya daban, Ostireliya daban. Suwazilan ta koma Eswatini tun 2018, ku gyara jerinku. Garin Truth or Consequences na Amurka ba wa'azi ba ne, sunan wani shirin rediyo ya ɗauka a 1950, kafin nan Hot Springs ake kiran sa.

Akwai kuma yawan hangen nesa, wanda yake ba ni haushi ƙwarai. Kuna tsallaka teku neman abin mamaki, ga unguwar Rasha a Akra, ga Lebanon a Ashaiman, ga Tudu da Fadama da Sabon Zango da kakanninmu suka raɗa da Hausa tsantsa a tsakiyar ƙasar Ga, ga Elmina da ta samo suna daga kalmar Fotugis mai nufin mahaƙar zinariya, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482. A ƙasar Hausa ma akwai Gidan Mutum Ɗaya a jihar Katsina da Rijiyar Zaki a Kano. Ni dai duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan zauna da dattijo ɗaya da littafina, in tambaye shi yadda ake kiran unguwarsa lokacin da yake yaro, da wanda ya fara kafa bukka a wurin.