Yadda ake toshe tallace-tallace a burauza, a waya ko a kwamfuta

Maganin tallan nan da ke rufe maka rubutu, ko bidiyon da ke kunna kansa yana cinye maka data, wata ƴar ƙaramar manhaja ce da ake maƙala wa burauza, ana ce mata ekstenshon. Kyauta ce, sa ta ba ya ɗaukar minti biyu. Inda mutane ke ruɗewa shi ne wacce za a ɗauka da kuma a wace burauza.

Da farko ka duba burauzar da kake amfani da ita. In a wayar Android kake kuma Chrome ce, to Chrome ta waya ba ta karɓar ekstenshon kwata-kwata, kar ka wahalar da kanka. Ka shiga Play Store ka sauke Firefox, ka buɗe ta, ka danna ɗigo ukun nan na menu, ka shiga Extensions, za ka ga ekstenshon ɗin toshe talla mai suna uBlock Origin, ka danna alamar ƙari ka amince, shikenan ta fara aiki.

A kwamfuta ma in Firefox ce haka ne, ka je addons.mozilla.org ka rubuta sunan. Chrome kuwa akwai ƴar matsala, domin tun 2024 Google ta fara kashe tsofaffin ekstenshon saboda sabon tsarinta na Manifest V3, kuma uBlock Origin na cikin waɗanda abin ya shafa, don haka a Chrome Web Store ƙanwarta uBlock Origin Lite za ka nema. Ba ta kai yayar ƙarfi ba amma tana yi, in har yanzu kana ganin talla ka danna alamarta ka ja matakin tacewa zuwa Complete. Masu iPhone su sauke AdGuard sannan su shiga saitin Safari su kunna ta.

Nan fa a buɗe ido. Kafin ka danna komai ka duba sunan wanda ya yi uBlock Origin ɗin da ka gani, ta gaskiyar Raymond Hill ne, shi ya fito da ita a 2014. Akwai wata mai suna uBlock kawai babu Origin, ba ɗaya ba ne, ga kuma na bogi masu kama da juna birjik, kuma ka tuna izinin da kake ba ekstenshon na ganin duk shafin da ka buɗe ne, har na banki, to ba abin da za ka miƙa wa kowane kare da doki ba ne. Adblock Plus ta gaske ce amma tana barin wasu tallace-tallace su wuce da gangan sai ka shiga saiti ka kashe Acceptable Ads, ni dai shi ya sa ba ta burge ni.

Guda ɗaya ta isa. In ka haɗa biyu sai su riƙa cin karo, shafuka su lalace.

Wani lokaci shafi zai ƙi buɗewa ko ya ce sai ka kashe abin toshe talla. Danna alamar uBlock Origin, za ka ga babban maɓalli shuɗi, danna shi ka sake loda shafin, a wannan shafin kaɗai za ta tsaya. Haka za ka yi wa jarida ko marubucin da kake so ya ci gaba, tunda da tallan suke samun na kashewa.

Abin da ba za ta iya ba, ba ta shiga cikin manhajar YouTube ko Facebook ko wasannin waya, iyakacinta burauza. Sai dai ka buɗe YouTube ta cikin Firefox, kuma shi ma tun 2023 yake yaƙi da masu toshe talla, in ya fara maka gargaɗi ka shiga saitin uBlock Origin wajen Filter lists ka sabunta jerin, ka rufe burauzar ka sake buɗewa.