Yadda iyaye za su riƙe makarantar 'ya'yansu a Legas, daga zaman aji zuwa tara gudunmawa

A shekarar 1945, da aka gama yaƙin duniya na biyu, mutanen wani ƙauye mai suna Villa Cella, kusa da birnin Reggio Emilia a Italiya, sun tarar da tankar yaƙi da motoci da dawakai waɗanda sojojin Jamus suka gudu suka bari. Suka sayar da su, suka tsinci bulo daga gidajen da bom ya rushe, suka gina wa ƙananan 'ya'yansu makaranta da hannunsu. Wani matashin malami, Loris Malaguzzi, ya ji labari ya hau keke ya je ya gane wa idonsa, daga nan ya zauna tare da su. Tsarin koyarwar da ake kira Reggio daga nan ya samo tushe, kuma iyaye ne suka haƙa tushen.

'Ya'yana biyu suna wata makaranta mai zaman kanta a Agege wadda take bin irin wannan hanya. Babu bulala, babu yini ana nanata abin da aka rubuta a allo. Yaro yana koyo da hannunsa, yana tambaya, yana aiki da 'yan'uwansa, malama tana bin kowa gwargwadon saurinsa. Wasu makarantun irin wannan suna bin tsarin Maria Montessori, likitar da ta buɗe makarantarta ta farko a birnin Rum a 1907, wasu na Reggio, wasu kuma sun tsinto nan da can. Dukkansu ba sa tafiya daidai sai da iyaye. Mu kuwa mun saba mu biya kuɗin makaranta mu juya, ba a sake ganinmu sai ranar karɓar sakamako. Ga hanyar da muka bi muka canza wannan, da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Mataki na farko: ka zauna a aji kafin kowa ya yi maganar kuɗi

Ka nemi izinin shugabar makaranta ka zauna a bayan aji na safiya guda, ba ka magana, ba ka gyara wa kowa. Yawancin ƙorafinmu a irin wannan makaranta ɗaya ne: wasa kawai suke yi, ba a ba su aikin gida, yaya za su yi da jarrabawar shiga sakandare? Ƙorafi ne mai tushe, kuma uba yana da haƙƙin ya yi shi. Amma wanda ya ga yarinya 'yar shekara shida tana auna ruwa da kofi tana rubuta adadin da kanta, tambayarsa takan canza salo. Uban da bai gamsu da karatun ba, ba zai ba da ko sisi da zuciya ɗaya ba. A shirya wannan ziyara bi da bi a zangon farko, wanda yake farawa a watan Satumba, mutum biyu ko uku a rana don kada aji ya rikice.

Mataki na biyu: kowa ya kawo sana'arsa

Nan ne zan daɗe, domin shi ne ya fi komai canza mana makaranta. A raba takarda, ko a tura saƙon murya, a tambayi kowane gida abu biyu: me kuka iya, kuma wace rana kuke da sarari? Kada a tambayi nawa za a iya bayarwa tukuna.

Wani uba a cikinmu yana sayar da tumatir a kasuwar Mile 12. Da aka ce ya zo aji sai ya ce, "Malama, ni ko firamare ban gama ba, me zan koya musu?" Ta ce, "Alhaji, ka zo da kwando ɗaya da sikelinka kawai." Ya zo. Yara suka zazzage kwandon a kan tabarma, suka ware masu kyau da waɗanda suka fashe, suka auna kowane kashi. Ya faɗa musu yadda ya saya da kuɗin mota da na 'yan dako, ya ce su fitar masa da farashin da zai sayar bai faɗi ba. Wani yaro ya manta da fasassun a lissafinsa, ya fito da riba mai yawa. Alhajin ya ɗaga tumatir guda da ya lotse ya ce, "Yarona, wannan fa wa zai biya kuɗinsa?" Ajin ya yi tsit, sannan kowa ya koma kan takardarsa. Bayan nan malama ta shimfiɗa taswira, suka bi motar da yatsa daga gonakin Kadawa a jihar Kano, ta Zariya da Kaduna, ta haye gadar Jebba a kan kogin Neja, ta Ilori da Ibadan har Legas. Mako biyu suna kan wannan kwando: lissafi, labarin ƙasa, har da dalilin da zafi yake ruɓar da kayan gwari.

Tela yana da darasin awo. Mahauci daga mayankar Oko-Oba yana da abin faɗa a kan tsafta da sassan jikin dabba. Mai canji ya san lissafin kuɗin ƙasashe fiye da abin da ke littafi. Kaka mai tatsuniya kuwa ba ta da na biyu, musamman ga yaranmu da suke tashi da Turanci da Yarbanci da buroka, Hausar tana zame musu. Ranar da wata tsohuwa ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara kaɗan ne suka san amsar. Yanzu duk ajin yana amsawa da "Ta zo mu ji ta," har da 'ya'yan Yarbawa da na Ibo, su ma iyayensu mata sun zo da nasu labaran.

Sharuɗɗa biyu ne. Malama ce take tsara darasin tare da baƙon tun kafin ranar, kuma ba a barin wani babba shi kaɗai da yara, ko wane ne shi.

Amfanin wannan matakin ya wuce karatu. Mai ƙaramin ƙarfi da ya taɓa tsayawa gaban aji aka saurare shi, ba ya ƙara jin kunyar buɗe baki a taro don akwai masu manyan motoci.

Mataki na uku: a kafa ƙungiyar iyaye da malamai mai aiki

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa shugabanci: shugaba, sakatare, ma'aji, wakilin malamai, da waɗanda za su kula da ayyuka. A tabbata akwai mata a ciki, mata masu faɗa a ji, domin su suka fi sanin halin da yara suke ciki. A sa wa'adin shekara biyu.

Lokacin taro shi yake kashe ƙungiya a Legas. Taron yammacin ranar aiki cunkoson motoci ne yake cinye shi, Asabar da rana kuma biki da Islamiyya. Mu mun koma safiyar Alhamis don ƙananan zama, tunda ba a buɗe kasuwanni sai ƙarfe 10 saboda tsaftar mako, babban taro kuma Lahadi bayan La'asar sau ɗaya a zango. A samu mai fassara idan akwai waɗanda ba sa jin Hausa ko Turanci. A zauren WhatsApp, duk sanarwa a yi ta a rubuce kuma a maimaita da murya, domin akwai iyayen da ajami suke karantawa.

Mataki na huɗu: a zaɓi aiki ɗaya, a rubuta wa yake da shi

Aiki ɗaya a shekara, wanda ido zai gani: ɗakin karatu, sola, rijiyar burtsatse, ko gyaran magudanar ruwa kafin ruwan Yuni da Yuli. Albashin malamai da kuɗin haya ba sa cikin wannan, aikin kuɗin makaranta ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu makarantu suke cikin matsi, kuma akwai jarabar a mayar da ƙungiyar iyaye hanyar ƙarin kuɗi ta bayan gida. Idan ƙari ya zama dole, a fito fili a kira shi ƙari.

Akwai maganar da muke jin nauyin yi, alhali rashin yin ta ne yake kawo rigima. Makaranta mai zaman kanta dukiyar wani ce, kuma da yawa a gidan haya suke. Idan iyaye suka sa sola a rufin da ba na makaranta ba, mai gida ya ba da notis, ina solar za ta? Idan aka sayar da makarantar fa? A zauna da mai makaranta cikin mutunci a rubuta: kayan da iyaye suka saya na ƙungiya ne, suna bin yara duk inda makarantar ta koma. Kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi biyu. Kafin a zuba kuɗi a gini kuma, a nemi ganin takardar amincewar gwamnati. A Legas ofishin tabbatar da ingancin ilimi na jiha, da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi a Alausa, shi yake kula da rajistar makarantu masu zaman kansu.

Mataki na biyar: asusu

Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun mutum, komai amanarsa. Wannan kariya ce gare shi kafin kowa. A yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, a buɗe asusun banki da sunanta, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai da biyu. Kada biyu daga cikinsu su fito daga gida ɗaya. Duk wanda ya biya a ba shi rasit.

Mataki na shida: tara kuɗin

Karonmu na farko ƙaddamarwa muka yi. Muka ɗauko hayar rumfuna da kujeru da lasifika, muka dafa abinci, muka gayyaci manyan baƙi. Aka yi ta shelar alƙawura ana tafi. Da aka watse muka ƙirga abin da ya shigo hannu, da ƙyar ya rufe abin da muka kashe. Wata huɗu muna sintiri a ƙofar babban mai ƙaddamarwa, ana ce mana ya yi tafiya. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne iyayen da suka zauna a baya da 'yar dubu biyunsu a hannu, suka ji kunyar fitowa, suka koma da ita gida.

Shekara ta biyu muka koma ga abin da muka gada, wato tsarin adashi: kaɗan-kaɗan, a kai a kai. A ce gida 80 ne, kowane yana ba da naira 2,000 a wata na tsawon wata 9 na karatu. Naira 1,440,000 ke nan, ba rumfa ba lasifika. Wanda yake da hali ya ninka, wanda ba shi da shi ya biya da aikin gayya: fenti, gyaran benci, jan wayar lantarki. A rubuta aikinsa a littafi ɗaya da na masu kuɗi, layi ɗaya.

Sai ranar kasuwar makaranta sau ɗaya a shekara. Iyaye mata su kawo masa da dambun nama da zoɓo da kunun aya, a samu mai tsire da mai lalle, yara su sayar da abin da suka shuka ko suka ƙera, su riƙe lissafin teburinsu da kansu. Kuɗin da ake samu bai kai na karo-karon wata ba, amma ranar ce maƙwabta suke shigowa su san makarantar. A kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa da wajen limamai da shugabannin unguwa tun da wuri. A guji sayar da tikitin cin kyauta, domin iyaye da yawa caca suke ɗaukarsa, kuma zai raba kan mutane a banza.

Akwai masu son ba da zakkarsu, musamman da azumi. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa rukunin mutane takwas da ake bai wa zakka, kuma galibin malamai ba su yarda a sa ta a gini ba. A ware mata littafi dabam, a tuntuɓi malami kan yadda za ta kai ga marayu da gidajen da kuɗin makaranta ya gagara. Gini da littattafai a nema musu sadaka mai gudana. Sunayen yaran da ake tallafa wa kuma kada su wuce mutum biyu da shugabar makaranta. Yaro ba zai ɗaga kai a aji ba idan 'yan'uwansa sun san wa yake biya masa.

Mataki na bakwai: bayani, da iyakar mai bayarwa

Ƙarshen kowane zango a manna takarda guda a bakin ƙofa: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, tare da hoton bayanin banki a zauren WhatsApp. Wasu iyaye biyu da ba sa cikin shugabanni su duba rasitai. Gudunmawarmu ba ta ƙaru ba sai bayan da aka fara manna wannan takarda.

Wata rana wani bawan Allah da ya ba da kaso mafi tsoka na kuɗin sola ya nemi a tsallakar da ɗansa aji. Shugabar makaranta ta ce masa, "Alhaji, mun gode da alherinka, Allah ya saka. Amma yaron nan bai shirya ba, kuma cutar da shi zan yi." Ya kawo ƙara wajen ƙungiya, muka goyi bayanta. Ba abu ne mai sauƙi ba, domin mutum ne mai kirki kuma muna haɗuwa a masallaci. Shi ya sa ya kamata tun ranar farko a rubuta a tsarin ƙungiya cewa gudunmawa ba ta ba kowa iko a kan aji, ko ɗaukar malami, ko sakamakon yaro. Idan rubutu ya riga, ba sai an ɓata da kowa ba.

Sauran abin da ke riƙe jama'a ba ya bukatar dogon tsari. A ware ɗan abu don gaisuwar mara lafiya da ta'aziyya da barkar haihuwa, har da na malamai, waɗanda da yawansu daga nesa suke zuwa kullum. Masu mota su riƙa ɗaukar yaran layinsu bi da bi. Duk gidan da ya kawo yaro sabo, musamman waɗanda suka taso daga Arewa kwanan nan ba su san gari ba, a haɗa su da tsohon gida guda da zai kira su a makon farko, ya raka su taron farko, ya tambaye su sana'ar da za su kawo aji.